Midnight Mass: ɗan sandan da ya hana ni kashe talabijin

Gaskiya na shiga kallon shirin nan na Netflix ne da zuciya biyu. Mun saba, idan Bature ya sa Musulmi a fim, ko dai ɗan ta'adda ne, ko direban tasi mai magana biyu a wuce. Shirin na 2021 ne, kashi bakwai kacal, Mike Flanagan ya shirya shi. Labarin wani ɗan tsibiri ne mai suna Crockett, mutanensa 127, inda sabon fada ya zo coci, sai abubuwan al'ajabi suka fara faruwa: gurguwa ta tashi ta yi tafiya, tsofaffi suna komawa yara.

Amma ni ba wannan ya riƙe ni ba. Sheriff Hassan ne, shugaban 'yan sandan garin, shi da ɗansa Ali ne kaɗai Musulmi a tsibirin. Ofishinsa ma a bayan shagon kayan masarufi yake. Akwai wurin da aka yi taron iyaye saboda Bev Keane, wata 'yar ta-kife ta coci, tana raba wa yara Baibul a makarantar gwamnati. Hassan ya miƙe, bai ɗaga murya ba, ya bayyana musu cewa mu ma mun yi imani da Annabi Isa, kuma ba Baibul ɗin yake ƙi ba, yana so ne a yi adalci: da Alƙur'ani aka raba, wa zai yi shiru? Wallahi sai da na mayar da wurin baya sau uku. Daga baya ya ba da labarin yadda ya shiga aikin ɗan sanda a New York bayan harin 11 ga Satumba, da yadda aka koma yi wa Musulmi leƙen asiri, har shi kansa ya zama abin zargi.

To, a nan na fara yabo, sai suka ɓata min rai. Me ya sa dole sai yaron ya bar sallah ya bi coci? Na san za a ce matashi ne mai son ya yi kama da abokansa, amma uban da ya rasa matarsa, an kuma ƙwace masa ɗa ɗaya tilo, haba! Ga shi siyasar shirin a fili take: duk mai zafin addini mugu ne, mai sassauci shi ne mutumin kirki. Sannan ga dogon surutu, mutum ɗaya ya yi minti biyar yana zuba, data na ƙonewa a banza.

Duk da haka, wurin da uba da ɗa suka tsaya sallah a bakin teku gari na wayewa, Hassan da raunin harsashi a jikinsa, sai da na share hawaye. Matata ta leƙo ta ce, “Kai da ka ce fim ɗin fatalwa ne?”