Peugeot 504 a hanyoyin karkarar Kano da Jigawa: har yanzu ta cancanci saye?

Tun 2006 aka daina haɗa Peugeot 504 a Kaduna, amma duk wanda ke cin kasuwar Wudil, Gujungu ko Maigatari ya san ba ta bar hanya ba. Wagon na jigilar 'yan kasuwa, a-kori-kura na ɗauke da gero, riɗi ko awaki. A ganina, ga mai neman motar kaya a hanyar burji, ta cancanci saye idan bodinta lafiya lau yake. Inji kuwa ko ya gaji ana iya tashinsa, kuma dalilin hakan yana cikin yadda aka ƙera ta tun farko.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antar Peugeot ta Sochaux a Faransa ta fito da 203 a 1948, mai zagayayyen baya irin na motocin Amurka na lokacin. Daga 403 ta 1955 kamfanin ya miƙa zanen jikin motocinsa ga gidan Pininfarina na Italiya. Su ne suka zana 404 a 1960, mai miƙaƙƙun layuka da 'yan fikafikai a baya, wadda ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968. A 1968 ɗin 504 ta fito, ta kuma zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. Ko daga nesa ana gane ta da manyan fitilun gaba masu karkatattun kusurwoyi da but ɗin da ya karye ya gangara ƙasa. Ni dai ina ganin 404 ta fi ta kyan gani, amma 504 ta fi ta faɗin ciki da daɗin zama, ga gilasai manya da ke ba direba damar hango rami tun kafin ya faɗa. Kamfanin PAN, mai haɗa Peugeot a Najeriya, ya fara haɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975, kuma a shekarun farko ta jirgin sama ake kawo sassan daga Lyon zuwa filin jirgin Kano, sannan manyan motoci su wuce da su Kaduna.

Kafin a yi ciniki, a leƙa ƙarƙashi, domin ba duk 504 ce iri ɗaya ba. Salun ta asali kowace tayar baya motsinta daban, abin da ya sa take lafewa a kan gargada, sai dai akwai salun masu aksul guda. Wagon aksul guda gare ta da sifirin naɗaɗɗe guda 4, a-kori-kura kuma sifirin mai ganye. Don kaya, a-kori-kura ce gaba. An yi ta don tan 1 da 'yar ɗoriya, wato buhu 10 zuwa 12 na kilo 100. Masu ɗora mata 20 su ne kullum ke wurin mai walda da karyayyen ganye. Aibinta a yashin Gumel da Babura shi ne, in ba kaya, bayanta ba nauyi, sai tayoyin su yi ta haƙa. A rage iskar tayar baya kaɗan, a ja ta da giya ta 2, in an hau kwalta a mayar da iskar.

Injin da aka fi samu shi ne mai silinda 4, cc 1971. Abin da ya sa yake daɗewa shi ne hannun rigar da fistin ke hawa da sauka a ciki ana zare shi, ba a jikin bulok aka huda shi ba. In ya cinye, sai a sayi saitin hannun riga, fistin da ringi a sa, ba sai an kai bulok wurin masu sake huda silinda ba. Amma a nan ne kuma ake kashe shi. Ruwan lagireto yana zagaye hannun rigar kai tsaye, abin da ke hana shi sauka cikin baƙin mai ɗan siririn sil ne a gindinta. Bakaniken da ya cire kan inji ya juya karanshaf ba tare da ya danne hannayen rigar da ƙusa da faffaɗan washa ba, ya ɗaga sil ɗin ke nan, bayan 'yan kwanaki mai ya koma kamar kunu. Saboda haka mai saye ya zare sandar mai ya duba launinsa, ya kuma buɗe murfin lagireto inji na sanyi, a tayar. In ruwa na kumfa, gasket ya ƙone ko kan injin ya lanƙwashe.

Kan injin na alminiyam ne, ba ya jure zafi. Yawancin matsalar daga ruwan rijiya ko na kududdufi ne da ke toshe lagireto da laka. Fankar asali sai inji ya yi zafi take kamawa, in ta lalace gara a ɗaure ta ta riƙa juyawa kullum, musamman da bazara. Bayan an sa sabon gasket, a sake ɗaure ƙusoshin kan injin in ta yi kilomita 1,000, sannan a saita tazarar bawul inji na sanyi: ta bawul ɗin shigar mai 0.10, ta na fitar hayaƙi 0.25 na milimita. Tazarar kwantak na distirbuto 0.40, ta fulogi 0.6. Baƙin mai kimanin lita 4. Jerin wuta 1-3-4-2, kuma silinda ta 1 ita ce ta wajen kuloci, ba ta wajen fanka ba. Yaran gareji da suka saba da motocin Japan sukan kifa wayoyin fulogi a nan. Da hunturu ƙura ke cika kafireto, kuma cire matatar iska wai don mota ta ƙara gudu cinye ringi kawai yake yi.

Bodi ne ba shi da magani mai sauƙi, domin shi ne ƙashin motar. A ɗaga tabarmar ƙasa, a duba wurin kafa jak, ƙasan ƙofofi, da kofunan da shokozoba na gaba ke zama a ƙarƙashin bonet. In an ga walda kan walda a kofunan nan, a haƙura da motar ko da fentinta na ƙyalli, don tayar gaba ba za ta ƙara saituwa ba. A-kori-kurar da ta daɗe tana ɗaukar dabbobi ko takin zamani, daben bayanta ya riga ya ruɓe.

Babban rauninta a yau mai ne. Da kaya, da wuya ta yi kilomita 10 a lita, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 wannan lissafin ya yi nauyi. Ga gajeren zango a kan kwalta, ƙananan kurkura sun fi ta riba. Ba ta da kariyar haɗari irin ta motocin zamani, birkin bayan wagon da a-kori-kura kuma na ganga ne, yana so a riƙa saita shi. Inda take cin kuɗinta shi ne doguwar hanyar ƙauye da damina, da kaya mai nauyi, nesa da garejin da ke da kwamfuta.

Kayan gyaranta ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano. Gasket, sil, bushin da fanbel a sayi sababbi. Distirbuto, kafireto da akwatin giya kuwa, tsohon na asali da aka ciro daga wata motar ya fi sabon kwaikwayo ƙarko, muddin an girgiza sandar distirbuton an ji ba ta wasa.