GARGAƊI: mai "shirya motar daji" da ke haɗawa da inshora, kada wanda ya tura masa ko sisi

Jama'a wallahi raina a ɓace yake, amma dole in yi magana saboda na ji har yanzu mutumin nan yana nan yana tallan kansa a wajen masu tsofaffin motocin shiga daji, wai shi zai gyara maka mota, ya ɗora mata kayan tafiya, ya kuma yanko maka inshora, duk a kwantiragi ɗaya ba sai ka sha wahalar yawo ba. Kashi 70 cikin 100 na kuɗin aikin na ba shi tun kafin ya kwance noti ɗaya. Kashi 70. Ban da kuɗin inshorar shekara guda cur da na tura masa daban. Yanzu ga mota a jibge, ga takardar da ba ta da wani amfani, ga motar wani bawan Allah da zan gyara daga aljihuna.

Kuma tun kafin wani ya zo min da "ai kai ma ka yi sakaci", a dakata a ji. Ni ba baƙon mota ba ne. Land Cruiser 80 ce ta 1994, mai injin dizal 1HZ, lita 4.2, silinda shida, mara tobo. Ni nake juye mata baƙin mai da hannuna, na san kukanta, na san inda take ɗigo. Ba wanda zai tsaya gabana ya yi min surutun banza a kan motar nan in kasa ganewa. To shi wannan bai yi surutun banza ba, matsalar ke nan.

Ranar da ya zo duba ta, ko bonet bai buɗe ba, na tayar ya saurara ya ce "maigida 1HZ ce ko, Allah ya bar mana ita". Sai ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashinta da fararen kayansa, ya sa yatsa a bayan tayar gaba ta hagu, wajen ƙwallon nan na aksul, ya fito da yatsan ya nuna min wani baƙin giris mai ruwa-ruwa, ya ce "ka gani, sil ɗin ciki ya mutu, man difa yana gauraya da giris ɗin Birfield, wato gaɓar da ke juya tayar gaba, in ka shiga yashi da shi haka za ka fara jin ƙas-ƙas in ka karya kan mota". Kuma gaskiya ne! Abin da ya faɗa daidai ne, na san da ɗigon, ban gaya masa ba. Yatsan nan da giris a jiki shi nake ta gani har cikin barci. Ku gaya min, wa zai ga mutum ya kwanta a ƙasa da farin kaya ya gano ciwon mota cikin minti kaɗan ya ce ɗan damfara ne? Har cewa ya yi kada in sa mata manyan tayoyi fiye da kima don za su cinye mata ƙarfi, inji ne mara tobo. Mutumin da ke hana ka kashe kuɗi fa. Nan na saki jiki, na tura kashi 70.

Bari in tsallaka zuwa inshorar don ita ta fi ci min rai, zan dawo kan gyaran.

Shi da kansa ya karanta min karatun. Ya ce inshorar gama-gari ba ta yi wa irin motarmu, don kamfani in mota ta lalace kuɗin kasuwa yake biya, motar da ta haura shekara 30 kuwa a takardarsu ba ta da wata daraja, ga shi bamba da winci (na'urar jan mota da igiya) da tankin ƙari ba sa cikin lissafi in ba ka bayyana su ba. Ya ce abin da ya dace shi ne wadda ake yarjejeniya a kan darajar motar tun farko a rubuta, a lissafa duk abin da aka ƙara mata, a kuma rubuta ƙarara cewa ta shafi tuƙi a wajen kwalta, don da yawansu suna cire wannan a ƙananan rubutun ƙasa. Duk wannan gaskiya ne, ku je ku tambaya. Ya ɗauki hotunan motar ta ko'ina wai na kamfani ne. Bayan ɗan lokaci ya turo min takarda ta waya, da tambari, da lambar inshora, da sunana, da jerin kayan da aka ƙara. Kuma ban tsaya nan ba, na duba lambar a lokacin ta nuna tana aiki. Na duba fa. A rubuta wannan a ajiye.

Ashe abin da yake yi, zai yanki mafi arahar inshora, irin wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani kawai, da bayanan da ya ga dama, ya samu lamba ta gaskiya, ya ɗauki takardar ya gyara ta a kwamfuta ya cusa abin da kake so ka gani, in ka duba ka kwantar da hankalinka sai ya koma ya soke ta a kwanakin farko a mayar masa da kuɗinsa. Kuɗin shekara guda na biya, shekara guda cur, inshorar ko wata ba ta rufa ba.

Yadda na sani kuwa, mun fita gwaji ne da wasu abokai kafin babbar tafiyar, ba wani wuri mai wuya ba, motar wani ta kafe a laka na ce bari in ja shi da sabon wincina. Ina fara ja sai ji na yi ƙarar ƙarfe, bambar gaba ɗaya ta sunkuyo ta gefe ɗaya, motata ta zame ta daki ƙofar motar da ke kusa. Allah ya kiyaye ba kowa a tsaye a wajen igiyar, da yanzu wani zancen ake yi. Da muka leƙa, kusoshin da ya ɗaure bambar da shasi ko lamba babu a kansu. Kusar kirki za ka ga 8.8 ko 10.9 a kanta, waɗannan kai sumul, biyu sun guntule, wani wajen ma walda kawai ya ɗiga ya shafe da baƙin fenti. Wincin da sitika ta ce fam 12,000, wajen kilo 5,400 ke nan, wanda ya isa motar da in an yi mata lodi take kai kusan tan 3, da aka ɓare sitikar sai ga wata a ƙasa ta ƙaramin winci.

To sai na kira kamfanin inshorar da ƙarfin gwiwata. Matar da ta ɗauka ta ce in karanto lamba, na karanto, ta yi shiru, ta ce in karanto lambar shasi kamar yadda take a takardar. Ina cikin karantowa ta tsayar da ni ta ce "yallaɓai, harafin O ka ce?" Na ce eh haka aka rubuta. Ta ce lambar shasi mai guda 17 ba a sa mata I ko O ko Q, don kada a rikita su da 1 da 0, takardar da ke hannuna ba daga wajensu ta fito a haka ba, kuma lambar an soke ta tuntuni. Ina tsaye a gaban mutane, mai motar da na daka yana kallona, ni da na gama cika baki cewa inshorata ta rufe komai. Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba. Sifili ɗaya ne ya buga shi da harafi, a tsakiyar lamba 17, a ƙaramin rubutu a waya, wa yake zama ya ƙirga wannan? Kamfanin ba su da laifi ko kaɗan, ba su ma san shi a matsayin ejen ɗinsu ba.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin wannan fitar, ko ma dai ranar da na karɓo motar ne, na ji sitiyari yana yawo a kan kwalta, na kira shi ya ce "maigida sababbin sifirin ne, bari su zauna". Ya ɗaga ta inci 2, kuma duk wanda ya san motar nan ya san in ka ɗaga ta haka kwanar aksul ɗin gaba tana canjawa, sai an sa bushin gyara a hannayen da ke riƙe da shi. Yana cikin lissafin da na biya. Ba a sa ba. Sifirin ma ba sababbi ba ne, nawa ne na da aka fesa musu jan fenti aka cusa musu roba a sama, shokozoba kuwa tsofaffin wata motar ne, ɗaya har yana tsiyaya.

Amma wanda ya sa jikina ya yi sanyi shi ne taimin bel, bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin a cikin inji. A wannan injin ana canja shi ne a kilomita 100,000, akwai ma fitilar T-BELT a dashbod da ke kamawa in lokaci ya yi, tawa ta kama, shi ya sa na sa shi a farkon jerin aikin. Da na karɓo mota fitila ta mutu, ga sitika sabuwa a murfi da kwanan wata da biro. Bakaniken da na kai wa daga baya, dattijo ne, ya cire murfin ya kira ni ya ce "zo ka gani da idonka ɗana". Tsohon bel ne, bayansa ya yi sheƙi duk ya tsattsage, rubutun jikinsa ya goge. Fitilar kawai ɗan damfarar ya danna ya kashe. Bel ɗin nan in ya tsinke inji na gudu bawul da fistin ne za su haɗu, kuma a ina? A inda ba sabis, ba gari, da iyalina a ciki. Wannan ya wuce cin kuɗi. Allah ya isa tsakanina da shi.

Sil ɗin aksul ɗin ma, wanda ya nuna min da yatsa, wanda saboda shi na yarda da shi, goge wajen kawai ya yi da tsumma. Har yau yana ɗiga.

Kashi 70, da kuɗin inshorar shekara guda. Saura kashi 30 ɗin Allah ya taimake ni na riƙe na ce sai na gwada motar, kuma kun san har kirana ya yi yana min magiya a kansu wai yaransa na gareji ba su ci abinci ba? Da na tura masa hoton kusoshin ya ce yana kan hanya, da na tura na bel ɗin sai ya toshe ni. Garejin ma ashe aron fili ya yi, masu wajen sun ce wata biyu kawai ya biya ya yi layar zana. An yi min sakiyar da ba ruwa, ba wata magana.

Ina da komai: hirarmu tun daga sallamar farko, rasit na tura kuɗi guda biyu, takardar bogin da harafin O ɗin na zagaye shi da ja, hoton bel, hoton sitika biyu na wincin, har muryarsa yana cewa "amana ce tsakaninmu maigida". Zan ɗora sikirinshot ɗin in na gama rufe lambobina da ke jiki. Suna da lambar asusunsa na miƙa wa hukuma, an ce kada in baza su tukuna, shi ya sa ba ku gan su a nan ba, ba tsoronsa nake ji ba.

Ku dai kada ku biya kuɗin inshora a asusun mutum, ku biya kamfani kai tsaye, ku kira su da lambar da kuka nemo da kanku, ku sake kira bayan wata guda. A buɗe murfin bel a gabanku, a ba ku tsofaffin kayan da aka cire a hannu.

Wanda duk aka taɓa turo wa takardar inshora ta hannun mai gyaran mota irin haka, musamman in ya ce maka "maigida Allah ya bar mana ita", ya je ya duba lambar shasinsa yau ɗin nan, sannan ya yi min magana ta akwatin saƙo, an ce in masu ƙorafi suka yi yawa an fi saurin rufe asusun.