Faifan Solotude na Abdullah Ibrahim: kiɗan ya biya ni, mai sayarwa ya ɓata min rai

Wanda ya sayar min da faifan nan ta intanet ya rantse min cewa akwai waƙar Mannenberg a ciki. Saboda ita kaɗai na tura kuɗin, har da na aikowa daga Legas, kun dai san yadda kuɗin aike ya koma yanzu. Da kayan ya iso na juya bayan kwalin, na bi sunayen waƙoƙi 20 ɗaya bayan ɗaya, babu ita babu alamarta. Wanda ya san wannan dattijo na Afirka ta Kudu ya san me nake nufi: kiɗan da ya ɗauka a Cape Town a 1974 tare da Basil Coetzee mai busa saksofon, wanda ya zama taken masu yaƙi da wariyar launin fata. Shi nake so in ji yana cika ɗaki. Abin da aka aiko min kuwa tsoho ne shi kaɗai da piyano, ba ganga, ba busa.

Raina a ɓace na saka shi, kuma ga janareton maƙwabci yana ruri, da kyar nake jin abin da ake kaɗawa. Sai da aka kawo wuta bayan sallar isha'i, unguwa ta yi tsit, na sa abin ji a kunne. Wallahi nan labari ya canza. An ɗauki faifan ne a 2020, lokacin kullen korona, a wani zaure da ke Riedering a kudancin Jamus, babu ɗan kallo ko ɗaya, mutumin yana da shekara 86. Ana jin hakan a hannunsa. Ba ya gaggawa ko kaɗan. Zai danna sauti ɗaya da hannun hagu ya bar shi ya mutu da kansa kafin ya ɗora na gaba, kamar dattijon da ke ba da labari yana tsayawa ya numfasa. Blue Bolero sau uku take dawowa a faifan, kowane zuwa da irin nauyinta. Da ya shiga waƙar District 6 kuwa, mai sunan unguwar Cape Town da gwamnatin wariya ta ayyana ta farar fata a 1966 ta rushe gidajen mutane, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Wannan mutum ne da Duke Ellington, shahararren makaɗin jazz na Amurka, ya ji shi a Zurich a 1963, tun ana kiransa Dollar Brand, kafin ya musulunta a 1968. Bayan wannan doguwar tafiya babu sauran abin da yake son nuna wa kowa, kuma hakan ne ya kama ni.

To amma ga inda takaicin ya dawo sabo. The Wedding tana kusa da ƙarshe, ita ce na fi ƙauna a duk abin da ya rubuta, kuma daidai nan faifan yake tsalle. Sai ya fara, ya kai inda zuciya ta kwanta, sai ya maƙale yana maimaita sauti ɗaya. Na ɗaga shi a hasken fitila, ga ƙarzuwa nan doguwa daga tsakiya zuwa baki. An ce min sabo ne dal, alhali ko leda babu a jikinsa, kwalin ma ya tsage ta gefe. Na goge da tsumma mai laushi, na gwada a mota, duk ɗaya. Na tura wa mai kayan hoto, amsarsa ita ce wai na'urata ce ta tsufa. Haba malam! Na'urar da ta kaɗa waƙa 18 lafiya lau sai a ta 19 za ta tsufa?

Shi ma faifan ina da ɗan ƙorafi a kansa. Wasu waƙoƙin gajeru ne ƙwarai, kana fara jin daɗi sai ka ga an wuce. Wanda bai taɓa jin Abdullah Ibrahim ba, kada ya fara da wannan, ya nemi The Balance na 2019 inda yake tare da ƙungiyarsa Ekaya, ko ita Mannenberg ɗin.

Kiɗan dai na ba shi cikakken maki, ba zan mayar ba ko da za a karɓa. Mai sayarwar kuwa ya daina ɗaga wayata, saƙona na ƙarshe ya karanta bai ce uffan ba. Duk mai saye a wajen irin waɗannan, ya sa a turo masa hoton bayan kwalin da na fuskar faifan kafin ya tura ko sisi.