Ajin menfirem a Birnin Kebbi: na biya, na zauna sati uku

Wani abokina ne ya turo mini hoton takardar talla a WhatsApp, wai wani shagon koyar da kwamfuta a nan Birnin Kebbi ya buɗe ajin menfirem, sati uku, naira 20,000. Dariya na yi. Shekara shida ina gyaran laftof ban taɓa sa menfirem a ido ba, manya-manyan kwamfutocin nan irin waɗanda manyan bankuna da kamfanonin jiragen sama ke riƙe da su. A ina mai shago ya samo? Na je kashe ƙwarƙwatar ido, na ƙare da biyan kuɗi.

Gara in faɗa tun yanzu, babu menfirem a shagon. Tsofaffin kwamfutoci ne guda bakwai, biyu ba sa tashi. An ɗora musu Hercules, manhaja ta kyauta mai kwaikwayon manyan injinan IBM, MVS 3.8j, tsohon tsarin da ke tafiyar da injinan, yana gudana a ciki. Baƙin allo, koren rubutu. Takardar tallan ba ta yi wannan bayani ba, kuma ba daidai ba ne. Wani yaro da ya taso tun daga Argungu ya juya a ranar farko, ban ga laifinsa ba.

Malamin ne ya zaunar da ni, wani dattijo mai furfura, ba ya gaggawa. A rana ta huɗu ya nuna ni da alli.

"Kai ɗan Jega, sana'ar me mahaifinka yake yi?"

"Shinkafa, Malam."

"Shi yake ɗaukar buhu ya ɗora a mota?"

"A'a, Malam. Yaronsa yake ba takarda."

"To ka gama karatun yau."

Ga abin da yake nufi. Babbar furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke lissafi a injin, tana da sauri, lokacinta tsada gare shi. Na'urar karanta kati da firinta, har faifai ma, tafiyar kunkuru suke yi in an gwada da ita. In ta tsaya jiransu, kuɗi ne ke ƙonewa. Shi ya sa tun a injin IBM 709, a ƙarshen shekarun 1950, aka ware wata ƙaramar furosesa mai suna canel, ba ta da aiki sai shigo da bayanai da fitar da su. Injin IBM System/360 na 1964 ya zo ya daidaita tsarin. Canel ce yaron, takardar da ake ba ta kuma ita ce CCW, bayit 8 kacal (bayit guda gurbin harafi ɗaya ne): na farko umarni ne, uku na biye adireshi a memori, sai alamomi, biyun ƙarshe kuma yawan bayit ɗin da za a kwasa. Ana jera su, wata na bin wata kamar ƙwayar carbi. Babbar furosesa ta ajiye adireshin ta farko a gurbi na 72, ta ba da umarnin farawa mai suna SIO, ta koma kan lissafinta. Canel ce za ta yi magana da na'urar da ke kula da faifan, ta zuba bayanai kai tsaye cikin memori. In ta gama sai ta ƙwanƙwasa, a rubuta rahoton yadda aka ƙare a gurbi na 64.

Da a allo aka tsaya, da kuɗina na kuka. Amma Malam ya kunna bin diddigi a Hercules, muka ga umarnan suna wucewa layi-layi yayin da ake karanta faifai. Ya tsayar, ya ɗora yatsa a gilashin. 07, matsar da kan da ke karanta faifan zuwa wurin da ake so. 31, duba ko wannan ne rubutun da ake nema. 08, koma baya. 06, karanta. Na ce, "Malam, wannan 08 ɗin fa?" Ya ce in ba a dace ba, 08 ce ke mayar da canel kan 31 ta sake dubawa, faifai na juyawa, ita tana ta tambaya. Da zarar an dace, sai ta tsallake 08 ta faɗa kan 06. Wato yaron yana kewaya rumbu yana duba buhu ɗaya bayan ɗaya, Alhaji yana can yana ciniki bai ma sani ba. Na daɗe ina kallon layukan nan huɗu. Ashe ƙaramin shiri ne cikakke, har da zagaye da yanke shawara, yana gudana ba da hannun babbar furosesa ba.

Ya kuma raba mana canel iri biyu na farko. Akwai mai zaɓen na'ura guda, wadda in ta kama faifai ko tef ba ta saki sai ta gama, kamar lodin tirela. Akwai mai haɗa masu jinkiri da yawa, ta karɓi bayit nan ta miƙa can, ya ce wannan mai shayi ce da asuba, mutum goma a benci kowa da kofinsa. Ko tashin injin ma ta canel yake: ana karanto bayit 24 daga na'ura zuwa farkon memori, CCW biyu da ke ciki su jawo saura.

Inda ajin ya gaza shi ne satin ƙarshe. Duk abin da ya biyo baya, umarnin SSCH da ya maye gurbin SIO a tsarin 370-XA, da wayoyin gilashi na ESCON a 1990 da FICON daga baya, a rabin awa aka ratsa su, a baki, domin MVS 3.8j bai san su ba. Shi kuwa z/OS, magajin MVS da ake aiki da shi yanzu, na lasisi ne, ba a ɗora shi haka nan. Wanda ya zo da zaton zai fito ya nemi aiki a banki, ya sake lissafi.

Wurin ma sai haƙuri. Fanka ɗaya ce, mu tara. Sau uku janareto ya mutu ana tsakiyar aiki, sai an sake tayar da MVS daga farko, mai shago kuma ya ce mu haɗa kuɗin mai, abin da ba a faɗa mana ba lokacin biya. Babu takardar karatu ko ɗaya, abin da ka kwafa daga allo shi ne naka.

In za ka je, tafi da laftof ɗinka mai batir mai kyau da filas na kwamfuta, Malam zai kwafa maka komai kyauta. Ka zauna kusa da taga. Ni nawa yana kan teburin gyara a shago, jiya ma wani kwastoma ya ga koren rubutu ya tambaye ni ko kwamfutar ce ta lalace.