Yankari, Jos, Umra Ko Zagayen Gida: Zaɓen Wurin Hutun Yara Daga Katsina

Da zarar an fara jarrabawar ƙarshen zango, tambaya ɗaya ce ke yawo a gidanmu: "Baba, bana ina za mu je?" A da nakan fara da duba hotunan wurare a Facebook. Yanzu abu biyu nake fara dubawa, wane wata hutun ya faɗo, kuma shekarun autan gida nawa. Su ne ke zaɓar mana wuri, domin a ƙasar zafi irin tamu, abin da uba yake saya da kuɗinsa shi ne inuwa, ruwa da wutar da za ta juya fanka da dare. Sunan wurin daga baya yake zuwa.

Hutun makaranta uku ne, kowanne da nasa hali. Na Disamba yana zuwa cikin hunturu: ba zafi, sai ƙura, mura da tsagewar leɓe, kuma hazo kan sa a jinkirta tashin jirgi. Na Afrilu shi ne mai wuya, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, kuma lokacin da aka fi fama da sanƙarau. Dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, damina ce: gari ya yi sanyi, amma sauro ya samu gari.

Mai goyo ko mai yaron da bai kai shekara biyar ba, shawarata ya tsaya gida, musamman a Afrilu. Ba raini ba ne. Yara nawa ne a Katsina suka taɓa tsayawa gindin hasumiyar Gobarau aka ba su labarin zamanin Sarki Muhammadu Korau? Nawa ne suka shiga gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu? Ga Ƙofar Soro, ga Durɓi ta Kusheyi, kaburburan sarakunan da, a ƙasar Mani. Daura kuma kilomita 80 ce ko kusa da haka. A ga rijiyar Kusugu, a ji labarin Bayajidda da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, a leƙa ƙofar fada, a dawo a kwana a gida. Kuɗin mai ne kawai da na fura. Kuskuren da ake yi shi ne, don wurin na kusa, sai a yi ta jan jiki har ƙarfe goma sha ɗaya a fita, rana ta raba tsaka ana tsaye da yara a fili. A fita da hantsin farko, a koma inuwa kafin azahar, sauran yawon a bari sai bayan la'asar.

Yankari ita ce yara suka fi roƙo, ita ce kuma ta fi buƙatar lissafi. Gandun namun daji ce da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000. Daga Katsina sai ka bi Kano, wajen kilomita 170, sannan Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi, ka ƙara fiye da kilomita 100 kafin ka kai masauki. Jimilla ta haura kilomita 500. Da yara a mota wannan tafiyar yini guda ce cur, don haka ni nakan raba ta, mu kwana Kano ko Bauchi, ba na yarda dare ya same mu a hanya.

Ga inda abin yake da sarƙaƙiya. Lokacin da aka fi ganin namun daji shi ne rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji don shan ruwa. Wato lokacin da kallo ya fi kyau shi ne lokacin da zafi ya fi tsanani. Da damina kuwa daji ya yi duhu, kana iya zagayawa awa biyu ba ka ga komai ba sai gadu da bika. Shi ya sa hutun Disamba ya fi dacewa da Yankari: ciyawa ta fara bushewa, rana ba ta yi zafi ba tukuna. Kuma kada ka yi wa yaro alƙawarin giwa. Akwai giwaye, amma ba a ɗaure suke ba, ganinsu sa'a ce. Abin da ba ya saɓa alƙawari shi ne ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ɗuminta ke tsaye a wajen digiri 31 dare da rana, garau har kana ganin yashin ƙasa. Yara ba sa son fita. Sai dai akwai inda zurfinsa ya fi tsayin yaro, dole babba ya shiga tare da su. Su kuma bika, ɓarayi ne na ƙin ƙarawa: yaro ya riƙe biskit a fili, ko a bar tagar ɗaki a buɗe, an gama.

Idan dole sai a Afrilu za a yi nisa, Jos ta fi. Garin yana kan tudu mai tsayin mita 1,200 ko fiye daga teku, shi ya sa lokacin da muke kwana a tsakar gida a Katsina, can ana neman abin rufa da asuba. Akwai gidan tarihin Jos da aka kafa a 1952, da gine-ginen gargajiya da aka kwaikwaya kusa da shi, har da ganuwar Kano da masallacin Zariya, ga kuma gandun namun daji na cikin gari, inda yaro zai ga dabba ba tare da an yi ta zagayen daji ba. A saka rigar sanyi a jaka. Kafin a tashi kuma a kira wani na can a tambayi yadda gari da hanya suke a makon, kada a dogara da labarin watan jiya.

Masu hali sukan ce a haɗa hutu da ibada, a tafi Umra da yara a dogon hutu. Niyya ce mai kyau, amma Agusta a Makka tsakiyar zafi ne, wanda ya fi na bazararmu. A Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu, akasari saboda zafi, kuma manya ne. Wanda zai kai yara ya nemi hutun Disamba, ya kama masauki kusa da Harami ko da ya fi tsada, ya yi ɗawafi da dare. Kowane yaro sai da fasfonsa, ga allurar sanƙarau da katin shaidarta.

Batun mota ba sai na ja shi ba. Motar gida ko shata ta fi motar tasha idan akwai ƙananan yara, don kai ke da ikon cewa a tsaya. A duba ruwan lagireto, tayoyi da na'urar sanyaya mota kwana biyu kafin tafiya. Kuma ko minti biyar ne, ko sallah za a yi, ba a barin yaro a cikin mota a rufe.

Masauki ne wurin da aka fi cin kuɗin mutane a banza. Na taɓa biyan ɗaki mai na'urar sanyi a wani otal, ƙarfe goma sha biyun dare aka kashe janareta, muka kwana ana yi wa auta fifita da kwalin biskit. Tun daga ranar, kafin in tura ko sisi sai na tambaya: ƙarfe nawa ake kunna janareta, ƙarfe nawa ake kashewa? Akwai sola? Famfo na kawo ruwa, ko da bokiti ake kawowa? Tagogi na da raga? Ɗaki mai fanka da solar da ke kwana tana aiki ya fi mai na'urar sanyin da ba wuta. Sauka gidan ɗan'uwa ya fi arha, ga zumunci, amma iyali shida a ɗaki ɗaya cikin bazara takura ce gare ku da masu gidan. Kwana biyu ya isa.

A jaka, abin da ba na mantawa shi ne kula cike da ruwa da ƙanƙara, huluna masu baki, tufafin auduga marasa duhu, gidan sauro, da ƙullin ORS (garin gishiri da sukari) na kemis tare da ƙwayar zinc saboda gudawa. Idan ORS ya ƙare, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaro in wasa ya yi daɗi ba ya cewa yana jin ƙishirwa, sai an bi shi da kofi. In ka ga fitsarinsa ya ragu ya yi ja, baki ya bushe, a kai shi inuwa a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In kuwa jiki ya yi zafi rau, yana sambatu ko ya kasa sha, a jiƙa masa jiki da ruwa a nufi asibiti nan take. Zoɓo da kunun ayar bakin hanya kuwa, duk sanyinsu, na hana. Kankana da lemo mu saya mu yanka da wuƙarmu.

Bana autarmu shekararta uku. Da na kawo maganar Yankari, uwargida ta ce, "Malam, wannan yarinyar ko Kano aka je sai ta yi amai sau biyu." Hajiya ma ta aiko cewa kada a kai mata jika daji cikin wannan rana. Don haka Afrilu Daura za mu je, mu tashi bayan asuba mu dawo kafin azahar. Manyan sun ɓata rai, na ce su riƙe alƙawarin ruwan Wikki zuwa Disamba, in Allah ya kai mu.