Ashcinitsa a Tsohuwar Kasuwar Sarayebo: Gidan Abincin da Ake Zaɓe a Bakin Tukunya

Duk wanda ya ce zai je Sarayebo, babban birnin Bosniya, shawarar farko da za a ba shi ita ce kada ya kuskura ya baro garin bai ci cebapi ba, wato 'yan mulmulen niƙaƙƙen nama masu tsawon yatsa waɗanda ake gasawa a kan gawayi, a zuba guda biyar ko goma cikin wani burodi mai laushi da ake kira somun, a ajiye yankakkiyar ɗanyar albasa a gefe. Na bi shawarar tun daren da na sauka, kuma ban yi da-na-sani ba. Sai dai cikin kwana shida da na yi a garin, wurin da na yi ta komawa ba na masu gashi ba ne. Wani ɗan ƙaramin gidan abinci ne na irin waɗanda mutanen ƙasar ke kira ashcinitsa, kuma ra'ayina shi ne baƙon da ke son ya san abin da Bosniyawa ke ci a gidajensu, a nan ya kamata ya zauna.

Sunan ya samo asali ne daga Turkanci, inda "ashci" ke nufin mai dafa abinci, kuma wannan ba abin mamaki ba ne idan aka tuna cewa Daular Usmaniyya ta mallaki Bosniya tun daga 1463 har zuwa 1878, lokacin da Ostiriya da Hungari suka karɓi ragamar ƙasar. Mutanen Bosniya Silabawa ne, harshensu ɗan'uwan na Sabiyawa da Kuroshiyawa ne ƙwarai, amma tukunyarsu cike take da kalmomin Turkanci da na Larabci. A ashcinitsa ba a yin gashi, kuma ba a dafa wa mutum wani abu na musamman bayan ya zauna. Tun da asuba ake ɗora tukwane, a bar su su nuna a hankali, sannan a jera su a bayan gilashi kusa da ƙofa, wanda ya shigo ya duba ya nuna abin da ransa ke so.

Wanda na riƙa zuwa yana cikin Bashcarshiya, tsohuwar kasuwar da aka kafa a ƙarni na 15 zamanin Isa-beg Ishakobic, wanda ake ɗauka shi ne ya kafa birnin kansa. Idan mutum ya tsaya a dandalin da tantabaru ke taruwa, wurin wata rumfar shan ruwa ta katako da ake kira Sebil, ya nufi masallacin da Gazi Husreb-beg, wani gwamnan Usmaniyya na Bosniya, ya gina wajen 1531, tafiyar ba ta kai minti biyar ba. Lungunan kasuwar suna ɗauke da sunayen sana'o'in da aka san su da su, kuma daga Kazanjiluk, layin maƙeran tagulla, har yanzu ana jiyo ƙarar guduma tun da hantsi. Kusancin wurin da masallaci ya yi mini amfani sosai, domin nakan yi sallar azahar in fito in zauna cin abinci ba tare da na nemi abin hawa ba.

Ɗakin kansa ƙarami ne, teburansa ba su da yawa, kuma an matse su har kafaɗa na gogar kafaɗa. Dattijon da ke tsaye bayan tukwanen, wanda na ji samari na kira da "amija", wato baffa, ya tare ni da kalma ɗaya, "buirum", wadda a can take daidai da yadda muke ce wa baƙo bismillah idan an ajiye kwano. Ingilishinsa kaɗan ne, ni kuma ban iya harshensu ba, saboda haka sai ya riƙa ɗaga murfin tukwanen ɗaya bayan ɗaya yana faɗin sunayensu, ina kallo ina shaƙar ƙamshi. Na tambaye shi batun halaccin naman, ya ɗora hannu a ƙirji ya ce "halal", kuma ban ga giya ko naman alade a ko'ina cikin shagon ba. Kusan rabin mutanen Bosniya Musulmi ne, amma duk da haka ina ganin tambaya ta fi zato, musamman idan mutum ya bar tsohuwar kasuwa ya shiga sababbin unguwanni ko ya fita wasu garuruwan.

Abin da ya fara kama ni, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, wani romo ne da ake kira begoba corba, ma'ana romon hakimi. An kawo mini shi a ɗan ƙaramin kwanon tagulla mai murfi, fari-fari ne mai ɗan kauri, da tsokar kaza da ta dahu har tana zarewa, da karas da aka yanka ƙanana. Da na juya cokali sai na ga wasu 'yan koraye suna tasowa, kowanne bai kai tsawon gaɓar ɗan yatsa ba. Na ɗauko ɗaya na tauna, sai na ji kuɓewa ce. Ban taɓa tsammanin zan haɗu da kuɓewa a wani kwari da ke tsakanin duwatsun Turai ba, garin da dusar ƙanƙara ke rufewa har aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi a cikinsa a 1984. Suna kiran ta bamiya, sunan da Larabawa ke kiran ta da shi. Tun tana 'yar ƙarama ake tsinke ta, a shirya ta a zare kamar carbi, a shanya ta bushe, kuma irin waɗannan zaren ana sayar da su a shagunan kasuwar da tsada.

Bambancin da ke tsakaninmu da su a kan kuɓewa ya ba ni sha'awa ƙwarai. Mu yauƙin muke nema, har mukan ƙara kanwa don ya fito sosai, su kuwa yauƙin suke gudu. Sukan tafasa busasshiyar kuɓewar daban da ruwan lemun tsami, su tsane ta, sannan su zuba a romon, ta yadda za ta fito da siffarta cikakkiya, da ɗan tsami, ba tare da ta ja ko kaɗan ba. Kaurin romon daga gari da man shanu yake zuwa, da kuma wani abu mai kama da kindirmo mai maiƙo da ake zubawa a ƙarshe. A cokali na farko harshena ya yi ta laluben abin da ya saba ji, amma kafin in kai rabin kwano na fahimci cewa an yi romon ne don a ji ɗanɗanon kazar da na kuɓewar kowanne da kansa. A duk zuwan da na yi, da shi nake farawa, kuma ban taɓa samun sa ya canja ba.

Bayan romo sai abin da suke kira sahan, wato faranti mai murfi da ake haɗa wa mutum abubuwa iri-iri a ciki, kuma shi nake ba baƙo shawarar ya nema a zuwansa na farko. A nawa akwai sogan-dolma, wato albasa da aka dafa aka zare ɓawonta ɗaya-ɗaya, aka cusa wa kowane niƙaƙƙen nama da shinkafa, aka mayar wuta har albasar ta yi laushi ta yi zaƙi. Akwai yaprak, wanda shi ma nama da shinkafa ne amma an naɗe su cikin koren ganye, da tattasai da aka cusa wa irin wannan haɗin. Albasar ita ce gwanar faranti: cokali kawai ake sa mata ta rabe, kuma romon da ke ƙarƙashinta ya cancanci a bi shi da burodi har a ga ƙasan kwano, kamar yadda na ga maƙwabtan teburina na yi. Yaprak ɗin ya ɗan fi ta tauri, kuma ganyensa na da ɗan ɗaci da ba kowa zai so ba. Na kuma gwada klepe, 'yan ƙunshin fulawa masu nama a ciki waɗanda ake zuba wa kindirmo da tafarnuwa, sun yi daɗi amma suna da nauyi a ciki. Bosanski lonats, wato tukunyar Bosniya, nama ne da kabeji da dankali da karas da ake jerawa hawa-hawa a dafa na sa'o'i masu yawa, kuma ranar da na ci shi ana ruwa da sanyi, sai ya zo daidai da yanayin.

Wajibi ne in faɗi abin da Bahaushe zai rasa a wannan wuri, domin kada wani ya je da tsammanin da ba za a cika masa ba. Babu yaji. Gishiri da ɗan baƙin barkono da jan garin tattasai marar zafi su ne iyakar abin da ake sawa, kuma da na nemi wani abu mai zafi, abin da aka kawo mini ko kusa bai kama ƙafar attaruhu ba. Wanda ba ya iya cin abinci sai da yaji, ya sa ɗan ƙullinsa a jaka tun daga gida. Ni dai na bar abincin yadda aka yi shi, domin na lura yaji mai ƙarfi zai danne zaƙin albasar da tsamin kuɓewar, waɗanda su ne abin da aka je nema.

Aibin da ya fi damuna shi ne na lokaci. Tun da yake sau ɗaya ake girki a rana, abin da ya ƙare ya ƙare ke nan. A rana ta huɗu na makara, na isa bayan la'asar, na tarar da yawancin tukwanen an kwashe, sogan-dolma babu ko ɗaya, kuma abin da aka zuba mini bai da zafin da na saba samu. Ba a gaya mini haka ba kafin in zauna, kuma ina ganin ya dace a gaya wa baƙo. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarfe 11 na safe zuwa 1 na rana, sai dai a lokacin ne kuma ɗakin ke cika da 'yan kasuwa da ma'aikata, ta yadda za a iya zaunar da mutum teburi ɗaya da wanda bai sani ba. Ba wurin doguwar hira ba ne, domin da zarar an kwashe kwano za ka ga masu jira a bakin ƙofa. Iyali mai yara da yawa ko mai keken guragu zai sha wahalar samun sarari.

Ta fuskar kuɗi kuwa ban ga abin ƙorafi ba. Kuɗin ƙasar sunansa marka, an ɗaure darajarsa da yuro ta yadda yuro ɗaya ke daidai da marka 1.96 ko kusa da haka, kuma abin da na biya na romo da sahan da burodi bai kai abin da aka caje ni a wani gidan abinci na zamani da ke titin Ferhadiya ba, alhali na fi ƙoshi a nan. Tsabar kuɗi suka karɓa a hannuna, saboda haka ya kamata mutum ya canja kuɗinsa kafin ya shiga kasuwa. Tsafta ma ta gamsar da ni, domin tukwanen a gaban idon kowa suke, kuma ana goge teburi da zarar wani ya tashi.

Kayan zaƙinsu kaɗan ne, kuma wanda na fi so shi ne tufahiya, sunan da mai jin Hausa zai gane nan take saboda tuffa. Ana fere tuffar a cire cikinta, a dafa ta a ruwan sukari ba tare da ta farfashe ba, a cika ta da dakakken ƙwallon wani itace mai maiƙo da suke kira orah. Tana da sanyi da zaƙi mai yawa, guda ɗaya ta ishi mutum biyu. Gahawa kuwa ba a wannan shago na sha ba. Nakan taka 'yan taku zuwa Morica Han, tsohon zangon fatake da ke cikin waƙafin Gazi Husreb-beg, in zauna a tsakar gidan a ƙarƙashin inuwa. A can ake kawo ta cikin 'yar tukunyar tagulla mai dogon mariƙi da ake kira jezba, da ɗan finjali marar hannu, da ƙwayar sukari, da alewar rahat lokum. Ba a jefa sukarin a ciki, sai dai a tsoma gefensa a ciza, sannan a kurɓa a hankali, kuma mutum zai iya shafe sa'a guda a kan finjali biyu babu wanda zai ɗaga masa ido.

Wanda tafiyarsa ta faɗo cikin watan azumi zai tarar da kasuwar da wata kama dabam, domin ana buga igwa daga ganuwar Zhuta Tabiya da ke saman gari don sanar da shan ruwa, kuma jama'a kan yi layi a gidajen burodi suna sayen somun mai zafi da aka barbaɗa wa habbatus sauda. Hasumiyar agogon da ke kusa da masallacin Gazi Husreb-beg ma abin tsayawa a kalla ce, saboda an saita ta ne yadda za ta nuna ƙarfe 12 daidai lokacin faɗuwar rana, kuma akwai mutumin da aikinsa shi ne gyara ta yayin da tsawon yini ke canjawa.

A ranar da zan tashi na isa shagon tun ƙarfe 11, na sami tukwanen cike, dattijon ya ɗauko kwanon romo tun kafin in nuna. Da na gama na ce masa "hwala", wato na gode, ya amsa da "Allahimanet", sallamar da Musulmin Bosniya ke yi wa mai tafiya, wadda ke nufin an bar shi a amanar Allah. Daga nan na bi ta wani shagon kayan miya na sayi zare biyu na busasshiyar kuɓewar, aka naɗe mini su a takarda, na sa a jakar hannu na nufi filin jirgi.