Chandra ko XMM-Newton, wanne ya fi ga mai bin sawun fulsa?

Jiya bayan Isha'i a Jidda muna shan shayi wani ƙanina ɗalibin fiziks ya ce in zaɓa mai ɗaya tsakanin Chandra da XMM-Newton, na'urorin hangen nesa ne guda biyu da ke sararin samaniya masu ɗaukar hoton hasken eksray. Fulsa dai gawar tauraro ce mai juyi da sauri, wasu suna tsala gudu ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa guda, iskar da suke fesowa sai ta koma baya ta zama wutsiya mai fitar da hasken eksray, kamar ƙurar mota a hanyar Madina.

Duk biyun a 1999 aka harba su, Chandra ta NASA ce, XMM ta hukumar sararin samaniya ta Turai. XMM madubanta sun fi tara haske, shi yasa a 2003 ita ta hango wutsiyoyi masu dishi-dishi na wata fulsa mai suna Geminga, amma hotonta bai da kaifi sosai, fulsar da wutsiyar sukan cakuɗe. Chandra kuwa wallahi idonta kamar na shaho, rabin arksakan take rarrabewa (arksakan ɗaya bisa 3,600 ne na digiri guda), na buɗe mai hoton da ta ɗauka na Lighthouse, wato hazon da ke tare da wata fulsa mai gudu, a waya ya ga wani siririn zaren haske ya fita gefe daban da hanyar gudun fulsar. Na ce mai ƙanina fara da Chandra, bayanan ma kyauta ne a intanet.